Huɗu, Mun Cika

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Mun sauka lafiya. Awa bakwai a sama, ban runtsa ba. 'Yata, wadda nake kira Sista tun ranar da ta fara aikin jinya, ta yi ta leƙo ni tana cewa, "Baba, ƙafarka fa?" Na ce ƙafa tana nan inda na bar ta. Mijinta, Injiniya, ya kwashi jakunkuna shi kaɗai, har da tawa, bai bari na taɓa ko ɗaya ba.

Jikokina biyu ne. Babbar shekararta bakwai, tun a filin jirgi na naɗa ta Monita, don ta iya sa ido, ta kuma iya kai ƙara. Ƙanenta shekara huɗu. Ina ce masa Gajere, yana ce mini Tsoho, mun yi kunnen doki.

Masauki ɗaki biyu ne da falo, a hawa na uku. Ni da yara ɗaki ɗaya. An ba ni gadon bakin taga.

An ce mako uku za mu yi, yawon buɗe ido. To. Na yi shekara talatin da ɗaya ina hedimastan firamare, na san irin jakar da ake ɗauka don yawo. Da Sista ta buɗe tata tana neman maganina, na hango koren fayil: takardun haihuwar yara, sakamakon jarrabawar Monita, da wata wasiƙa mai tambarin asibitin garin nan. Mai zuwa kallon gari ba ya ɗauko sakamakon jarrabawa. Ƙaura za su yi. Ni kuma an kawo ni ne a yi mini sallama mai kyau kafin a mayar da ni gida.

Ban tambaya ba.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Kafin mu fita na tara su a falo, na karanta musu dokokin fita da yara, waɗanda na yi aiki da su duk tsawon aikina ban taɓa rasa ɗan kowa ba. Ta farko, kowa ya zagaya banɗaki kafin a tashi, ko yana ji ko ba ya ji. Ta biyu, a kowace ƙofa da kowace mota sai an ƙirga kawuna. Ta uku, wanda ya ɓace ya tsaya inda yake, kada ya nemi kowa, shi za a nema.

Injiniya ya rufe baki da hannu wai tari yake yi. Gajere ya ce, "Tsoho, in kai ne ka ɓace fa?"

Na ce hedimasta ba ya ɓacewa.

A bakin ƙofa na ƙirga su da yatsa: Sista, Injiniya, Monita, Gajere. Na ce, "Huɗu, mun cika." Malami ba ya sa kansa a lissafi, shi ne mai ƙirgar.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Gidan kifi. Ban taɓa zaton zan bi ta ƙarƙashin ruwa da takalmina a bushe ba. Rami ne na gilashi, kifaye suna wucewa ta saman kai. Gajere ya manna hanci a gilashi har sai da ya baje. Wani faffaɗan kifi ya zo ya tsaya a gabansa da baki a turɓune, ya juyo ya ce, "Umma, ga Tsoho in an ba shi magani!" Har wata mata da ba ta jin harshenmu ta yi dariya, don ta kalli kifin, ta kalle ni.

Monita sai ta karanta kowane allo kafin a matsa. Ta tambaye ni ko kifi yana jin ƙishirwa. Na ce za mu duba in mun koma. Haka nake ce wa ɗalibai in an ƙure ni.

Sau uku na zauna a benci wai ina gyara igiyar takalmi. Takalmin ba shi da igiya. Allah ya sa Monita ba ta lura ba.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sista ta fita ita kaɗai da sassafe, cikin kayanta masu kyau, wai za ta gai da wata ƙawarta. Ban san ana zuwa gai da ƙawa da koren fayil ba.

Na yi tunani na yanke shawara. Tun faɗuwar nan da na yi a banɗaki a watan jiya, da maƙwabci ya ɓalle ƙofa, ta daina yarda da "lafiya lau" ɗina. In ta ga ina tangaɗi, ba za ta tafi da rai a kwance ba, wataƙila ma ta fasa. Yarinyar nan ta yi karatu da goyo a baya. Ba zan zame mata ƙarfen ƙafa ba. Daga yau za su ga tsoho mai ƙwari.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Tsohuwar hasumiya a tsakiyar gari. Akwai na'urar da ke hawa da mutane, Injiniya har ya danna maɓalli. Na ce ni ta matakala zan bi.

"Baba, da tsawo fa."

"Ɗana, ana haihuwarka ina hawan dutse da 'yan aji shida."

Ɗari biyu da goma sha huɗu. Na ƙirga su duka, don in ba na ƙirga sai in ji ƙirjina. Daga ta ɗari da hamsin idona ya fara ganin duhu-duhu. Na yi ta maza.

A sama iska kamar za ta ɗauke mutum. Gari duka a shimfiɗe, kogi ya raba shi biyu, motoci kamar tururuwa. Gajere ya tofa yawu don ya ga inda zai sauka, ya dawo masa a goshi. Monita ta riƙe hannuna.

"Kaka, hannunka yana rawa."

"Sanyi ne."

"Ɗayan ba ya yi."

Wannan yarinya alƙaliya za ta zama.

Sista ta matso ta ce, "Ashe Baba har yanzu da ƙarfinka." Na ce, "Ai ni ko shekara goma zan yi ni kaɗai a gida ba abin da zai same ni." Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta juya tana kallon kogi.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ban tashi ba. Na ce musu ina so in yi karatu.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Sun tafi gidan namun daji. Na ce na ga zaki tun kafin a haife su.

Shirun ɗakin nan irin na gida ne, sai dai a gida na san ƙarar kowace ƙofa. Na ninke rigar barcin Gajere sau biyu, ba don ta warware ba. Na jera takalmansu. Na tsaya a taga ina kallon wani tsoho yana yawo da kare, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake zuwa. Da marigayiya matata tana nan da ta ce, "Malam, ka bar kallon mutane, sai ka ce ba ka da aikin yi." Da na ce ai ba ni da shi.

Lafiya lau nake.

Ƙarfe bakwai

Sun dawo da hayaniyarsu. Gajere ya hau kujera ya miƙe wuya yana tauna iska, wai shi raƙumin dawa ne. Monita ta kawo mini rahoto a rubuce, da kwanan wata a sama, ta ja layi a ƙarƙashi kamar yadda na koya mata. Na ba ta tara bisa goma. Ta ce ina ɗayan? Na ce ba a ba da goma, mutum yakan sangarce.

Tana cikin ba ni labari ta ce, "Kuma da muka fito muka je wata makaranta mai lilo, malamar ta ce in na zo..."

Uwarta ta kira sunanta daga kicin, da irin muryar nan. Injiniya ya shiga neman wani abu a aljihunsa.

Ban tambaya ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Jirgin ruwa a kan kogi. Wannan yawo ya yi mini, don a zaune ake yin sa. Gajere ya zura ƙafa ta tsakanin ƙarafa, takalmi ɗaya ya tafi. Muka tsaya muna kallonsa yana lilo a kan ruwa, agwagi biyu suna bin sa. Bai yi kuka ba, sai ya cire ɗayan ya miƙo mini ya ce, "Tsoho, jefa wannan ma, kada wancan ya zauna shi kaɗai." Ubansa ya ƙwace da sauri. A kafaɗa aka dawo da shi.

Huɗu a shiga, huɗu a fita.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau "yawon" wani gida aka kai mu, wai abokin Injiniya ne zai kama, muna duba masa. Ƙasa ne, ba hawa. Ɗakuna uku ba kowa ciki, muryar mutum tana dawo masa. Yara suka yi ta gudu suna zamiya da safa. Abokin Injiniya kuwa dole mai 'ya'ya biyu ne, don Monita ta riga ta zaɓi inda za a sa gado.

Akwai ƙaramin ɗaki daga ƙarshe, tagarsa tana kallon tsakar gida da wata bishiya. Banɗakinsa a ciki yake, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, sabo fil. Na ce a raina wani tsoho ya zauna a nan, Allah ya jiƙansa in ya riga mu.

Sista ta shigo ta tsaya a bayana. "Baba, ya ka ga ɗakin nan?"

Na ce, "Zai yi kyau da ajiyar kaya."

Ta ce to. Ta fita. A mota taga kawai take kallo har muka iso. Ban san me na yi ba.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Muryata ta dushe. Ƙafar hagu ta kumbura, na sa safa biyu don kada a gani.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Gidan tarihi. Ƙasusuwan wata dabba da ta fi ajin makaranta tsawo. Gajere ya tambayi wa ya cinye naman. Ban iya ɗaga murya ba, sai na miƙa wa Monita aikin ƙirga. Ta gyara tsayuwa kamar an ɗaura mata ɗamara.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Muna dawowa daga lambun furanni ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Lokacin tashi daga aiki ne, tasha ta cika maƙil. Da muka sauko matakala numfashina ya ɗauke, na jingina da wani ginshiƙi, na ce a raina minti ɗaya kawai. Ban gaya wa kowa ba, don tsoho mai ƙwari ba ya jingina. Jirgi ya zo, jama'a suka tura su ciki. Injiniya yana ɗauke da Gajere mai barci, Sista tana fama da jakunkuna. Na ji muryar Monita ta ratsa hayaniyar, ta dafa ƙirjinta ta fara da kanta: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu, mun cika!"

Mako biyu suna jin wannan kalma daga bakina. Ba wanda ya waiwayo.

Ƙofa ta rufe. Sai a lokacin ta hango ni ta gilashi. Na ga bakinta ya buɗe, ban ji abin da ta ce ba. Jirgi ya shige rami.

Wayata tana jakar Sista tare da magani. Katin da aka rubuta sunan masauki yana aljihun rigar da na canza. Harshen mutanen nan ko "sannu" ban sani ba. Na tuna doka ta uku, na lallaɓa na zauna a benci.

Jirage bakwai suka zo suka wuce. Wata mai shara ta tsaya ta yi mini magana, na nuna mata rami da hannu, na nuna tsawon yara biyu. Ta ajiye mini gorar ruwa ta ci gaba da aikinta. Na ce wa kaina, to Malam, ga shi ka fara koyo, haka zai kasance in sun tafi, ba ga shi kana zaune lafiya ba? Amma a littafin nan ba na ƙarya. Irin tsoron nan ne na kan tayil ɗin banɗaki, lokacin da na yi ta kira har rana ta fito ta yi tsaka.

Minti arba'in. Sai ga Sista ta sauko matakala da gudu, mayafinta a hannu. Ta fara da faɗa. Tun da na haife ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. "Baba, me ya sa ba ka ce ka gaji ba? Me ya sa kullum lafiya lau, lafiya lau?" Daga nan ta durƙusa a gaban mutane ta kifa kai a gwiwata. Ta ji kumburin ƙafar ta cikin safa biyun. Ma'aikaciyar jinya ce.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Monita ta ƙi cin abinci jiya, yau ma ta ƙi. Na same ta a bayan labule.

Na ce, "Monita, ƙirgarki daidai ce. Laifin na wanda ya koya miki ne."

Ta ce, "Ka sauke ni daga monita."

"Ba a sauke monita sai hedimasta ya sa hannu, hannuna kuwa rawa yake yi."

Ta leƙo da ido ɗaya. "Ka ce sanyi ne."

"Ƙarya na yi."

Ta fito. Ta ce, "Kaka, kai ne ba ka taɓa sa kanka ba. Ni ina zan sani?" Muka raba burodi ɗaya.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Injiniya ya fita da yara. Sista ta ɗora ƙafata a kan matashi, ta ajiye koren fayil a gabana ta buɗe.

"Baba, an ba ni aiki. Na san ka gani."

"Na gani. Allah ya sa albarka. Ku tafi, ni ba abin da..."

"Ɗakin nan da ka ce na ajiyar kaya, naka ne. Gida goma sha ɗaya Injiniya ya duba ta waya kafin ya sami wanda ba hawa. Shi ya sa aka kafa ƙarfen nan. Mun ce bari ka ga garin tukuna, in ya kwanta maka sai mu roƙe ka. Kullum na buɗe baki sai ka hau hasumiya, ko ka ce shekara goma za ka yi kai kaɗai. Na ce ashe Baba ba ya son zama da mu."

Ashe takardun da na sa wa hannu kafin mu taso ba na mako uku ba ne. Ni da na ƙare rayuwata ina ce wa yara su karanta kafin su rubuta sunansu.

Ta ce asibiti suna jiran amsarta ranar Juma'a. In ni zan koma, ita ma komawa za ta yi, ta gama magana da mijinta. Ta ce ba za ta sake ɗaukar waya ta ji muryar maƙwabci ba.

Na rufe fayil ɗin.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Shekara arba'in da huɗu a gida ɗaya. A can duk wanda ya wuce sai ya ce "Malam, ina kwana," rabinsu na taɓa ja musu kunne. A nan ni tsoho ne mai kama da kifi.

Kuma a can matata take kwance. Daga ƙofar gida minti goma ne a ƙafa, ko da ƙafata ta yanzu.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ba wanda ya fita. Sista tana ninke kayan yara tana sawa a akwati, tana cirewa. Gajere ya zo ya zauna a kan cikina ya ce, "Tsoho, in ka koma wa zan riƙa cinye wa nama?"

Juma'a, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na yi aski, na sa rigata mai kyau. Na ƙwanƙwasa musu ƙofa na ce, "Sista, za ki makara. Ba a sa hannu a takardar aiki da rana tsaka."

Ta tsaya tana kallona. "Baba, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Tashi ki shirya."

Na raka ta har ƙofar asibitin. A hanya na gaji, na ce na gaji. Muka zauna a benci har numfashina ya dawo, ba wanda ya mutu don na faɗa.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Injiniya ne kaɗai zai koma ya haɗo kaya. Ya zo da biro da takarda ya durƙusa, na yi masa shifta: littattafan da ke kan kanta ta sama, tabarau na biyu, kujerar bakin taga, hoton 'yan aji shida na shekarar da na bar aiki.

Ya rubuta, sannan ya ce, "Baba, ɗakin Mama fa?"

Shekara uku ke nan a kulle. Mabuɗin yana aljihuna na dama, da shi na hau jirgi, da shi na hau hasumiya. Na ciro na ba shi. Na ce ya kawo keken ɗinkinta, Monita za ta koya. Sauran a raba wa masu buƙata, da kanta ma haka za ta ce. Na ce kafin ya taso ya je inda take, ya yi mata addu'a, ya gaya mata ina wurin yara. Ya karɓa da hannu biyu.

Aljihun ya yi sauƙi. Hannuna sai komawa can yake yi.

Ƙarfe biyar na yamma

Gobe Monita za ta fara makaranta. An ce ni zan kai ta. Ita ta san hanya.